Kwana biyu ina bin Uwata makaranta a tudun Bronx

Wata tara kafin in taka ƙasar Amurka, ƙanwata ta kira ni da daddare ta ce 'yarta ta samu makaranta. Na ce masha Allah, wace jami'a? Ta ɗan yi jim, sannan ta ce, "Yaya, ba jami'a ba ce tukuna. Kwalejin al'umma ce, nan kusa da mu." Na yi mata barka da baki, amma a zuci cewa na yi an cuci yarinya. Shekarata ashirin da biyu ina koyarwa a wata kwaleji a jiharmu, na san irin kallon hadarin kajin da ake yi wa ɗalibin da ba na jami'a ba. Mu kanmu malamai mukan ce wa namu ɗaliban su dage su wuce gaba, kamar inda suke ɗin tasha ce. To ga yarinya ta fito da sakamakon WAEC mai kyau, ta ƙetare teku, a ce kuma makarantar shekara biyu ta unguwa za ta ɓige?

Da wannan ƙullin na sauka a filin jirgin JFK a watan Oktoba, bayan mun yada zango a Alkahira, agogon jikina yana gaba da na gari da awa biyar. Ƙanwata tana zaune a Bronx, wani yanki na birnin New York, hawa na huɗu a wani tsohon bene kusa da titi na 167. Unguwa ce da in ka tsaya bakin kanti minti goma za ka ji Sifaniyanci, ka ji Fulatancin Gini, ka ji yaren Asante, can kuma ka tsinkayi wani yana cewa "ina kwana" a waya. Aikinta kula da tsofaffi a gidajensu, mijinta kuma tuƙi yake yi da dare. Gidan kamar tashar mota yake, wannan na shigowa, wancan na ɗaure igiyar takalmi.

'Yar tata sunan mahaifiyarmu ta ci, shi ya sa bakina ba ya iya kiran sunan. Uwata nake ce mata tun tana zanin goyo. Daren da na iso, muna cin tuwo da miyar kukar da na zo da ita, na kasa haƙuri na ɗauko maganar. Na yi ta zagaye-zagaye irin namu na malamai, har na kai ga tambayar ko ba a samu gurbi a jami'a ba ne. Ta ajiye cokali ta ce, "Kawu, kwana nawa za ka yi?" Na ce mako uku. Ta ce, "To ara mini kwana biyu. Laraba da Alhamis ka bi ni makaranta. In mun dawo ka faɗi duk abin da ke bakinka."

Ranar Laraba ta riga ni fita, don tana aikin safe a wani kantin magani daga bakwai zuwa goma. Ta rubuta mini komai a takarda: ka hau jirgi mai lamba 4, ka ƙirga tasha huɗu, ka sauka a Burnside, ka nufi yamma ka yi ta hawa. A wannan yankin jirgin ba ta ƙarƙashin ƙasa yake bi ba, a kan gadar ƙarfe yake gudu bisa titin Jerome, ƙararsa kamar ana zazzage kwanon rufi. Na hau da ƙarfin gwiwa. Tasha ɗaya kacal sai ga katafaren filin wasan Yankee a gabana, abin da babu shi a takardar. Ashe ɓangaren da ke gangarawa Manhattan na hau. Baƙo ko da ido makaho ne. Na sauka na tsallaka ɗaya gefen, wata dattijuwa mai jan keken kayan wanki ta nuna mini allon da ya kamata in karanta tun farko, ta haɗa da wata doguwar magana da Sifaniyanci wadda na tabbata ba yabo ba ce.

Daga Burnside hawa ne na gaske. Unguwar ma sunanta University Heights, wato tudun jami'a. Iska tana kaɗawa irin ta tsakiyar hunturu a Funtuwa, su kuwa 'yan gari suna cewa ai sanyi bai zo ba. Ina haki na isa ƙofa, na nuna fasfo ga masu gadi, Uwata ta zo ta shiga da ni.

Abin da na gani ya sa na ja na tsaya. Fili ne shimfiɗeɗɗe mai ciyawa kore shar, itatuwa sun fara rikiɗewa zuwa ja da ruwan ɗorawa, can ƙarshen filin kuma ga wani gini mai ƙubba da manyan ginshiƙai, irin wanda ake bugawa a bayan takardar kuɗi. Na ce, "Uwata, ko dai mun ɓata hanya ne?" Ta yi dariya ta ce nan ne.

Labarin wurin ya bayyana dalili. An kafa Kwalejin Al'umma ta Bronx a 1957, amma wannan harabar mai kusan eka 45 ba tata ba ce tun asali. Ta Jami'ar New York ce, jami'ar kuɗi, wadda ta gina ta a ƙarshen ƙarni na 19 lokacin da nan duk bayan gari ne. Da jami'ar ta shiga matsin kuɗi sai ta sayar, kwalejin ta tare a 1973. Ginin mai ƙubba shi ne laburaren Gould, zanen Stanford White, wanda ya kwaikwayi tsohon ginin Pantheon na birnin Rum. Helen Gould ce ta ba da kuɗin don tunawa da mahaifinta, Jay Gould, attajirin layin dogo. A ciki akwai ginshiƙai goma sha shida na koren marmara da aka ɗauko daga ƙasar Ireland. Wato gidan da aka gina wa 'ya'yan masu hali, yau 'ya'yan direbobi da masu aikin jinya ne ke kai da komo a cikinsa da jakar goyo. A 2012 gwamnatin tarayya ta sa wurin cikin jerin wuraren tarihi na ƙasa, karo na farko da harabar wata kwalejin al'umma ta samu wannan matsayi.

Bayan ginin akwai wata doguwar rumfar dutse mai lanƙwasa, tsawonta ƙafa 630, a buɗe take ta gefe biyu, tana kallon kogin Harlem. An buɗe ta a 1901 don karrama mashahuran Amurkawa. Tsakanin kowane ginshiƙi da na kusa da shi an ɗora mutum-mutumin tagulla daga ƙirji zuwa kai: Lincoln, Franklin, Edison, Graham Bell mai wayar tarho, 'yan'uwan nan biyu Wright da suka fara tashi da jirgin sama. Mutum 102 aka zaɓa, zaɓen ƙarshe a 1976, huɗu daga ciki ba a ma kai ga ƙera nasu ba. A 2017 aka sauke biyu, Robert Lee da Stonewall Jackson, janar-janar na ɓangaren da ya yi yaƙi don a ci gaba da bauta. Na daɗe a gaban George Washington Carver, baƙar fatar da aka haifa cikin bauta, ya zama masanin noma, ya yi ta jan hankalin talakawan kudu su riƙa shuka gyaɗa don ƙasarsu da auduga ta tsotse ta farfaɗo. Ni da kakana ya yi dakon buhunan da aka yi dalar gyaɗa da su a Kano, sai na ji kamar na haɗu da ɗan gari. Kusa-kusa kuma ga Booker T. Washington na makarantar Tuskegee, wanda duk rayuwarsa gardamar da ya yi ita ce ta darajar ilimin sana'a. Na lura ɗalibai suna ratsa rumfar ba mai ko ɗaga kai. Wata tana jingine da wani shugaban ƙasa tana cin burodi.

Ina ta ɗaukar hoto Uwata ta ja hannun rigata. "Kawu, wannan na baƙi ne. Zo ka ga makarantar."

Laburaren da ake karatu a ciki yanzu wani ne daban, a arewacin filin, an buɗe shi a 2012. Zauren karatun yana sama, rufinsa baka biyu ne a jere, haske na kwararowa ta dogayen tagogi. Amma ba rufin ta kawo ni in gani ba. Ta kai ni kan kanta, ta miƙa katinta, aka ba ta littafin ilimin sassan jiki, wani ƙato kamar bulo, aron awa biyu. Ta ce sabonsa ya fi dala ɗari, don haka malamai kan ajiye kwafi a nan. A wurin ake aron kwamfutar cinya da kalkuleta. Wasu darussan ma an daina sayen littafinsu gaba ɗaya, malamai sun koma amfani da littattafan da aka sake kyauta a intanet, kuma tun wajen rajista ɗalibi yana iya tace darussan da ba su da kuɗin littafi ya zaɓa. Nan na yi shiru. Na tuna shekarun da a wurinmu sai ɗalibi ya sayi handawut ake rubuta sunansa a wani littafi, kowa kuma ya san amfanin littafin. Ban taɓa yi ba, amma ban taɓa hanawa ba.

A wani teburi samari uku sun baje ƙasusuwan roba suna gardama. Ɗaya ya ɗaga wani ƙashi mai faɗi ya tambayi sauran sunansa, suka yi tsuru-tsuru. Ni kuwa na gane shi sarai, duk wanda ya taɓa feɗe ragon layya ya san allon kafaɗa. Sunan Latin ɗin ne ban sani ba.

Daga nan muka je ofishin da ta ce shi ne uwa da uba a karatunta. Wani shiri ne da ake kira ASAP, wanda Jami'ar Birnin New York, ta gwamnati ba waccan ta kuɗin ba, uwar kwalejojin al'umma bakwai na birnin, ta fara a 2007. Sharaɗinsa ɗalibi ya yi karatu cikakken lokaci, ya kuma riƙa zuwa ganin mai ba shi shawara. Abin da ake ba shi kuwa: a cike masa giɓin kuɗin makaranta da tallafin gwamnati bai rufe ba, a taimaka masa da kuɗin littattafai, a ba shi katin jirgi da bas na kyauta. Na ce katin mota? Shi ne har ake sa shi a lissafi? Mai ba ta shawarar, wata mata mai fara'a da gilashi a goshi, ta ce katin wata ya haura dala 120, kuma ta sha ganin ɗalibi ya daina zuwa aji a mako na uku na wata saboda kuɗin mota sun ƙare, daga nan ya ji kunyar dawowa, daga nan shi ke nan. Sai ta juya kan Uwata, ta buɗe kwamfuta, ta ce ta ga makinta na gwajin kemistiri ya sauka, me ya faru? Uwata ta ce an ƙara mata awoyi a kanti. Nan take matar ta duba jadawali ta sa ta a ajin ƙarin bayani na ranar Juma'a, ta ce kuma ta gaya wa mai kantin makon jarrabawa yana tafe. Minti goma sha biyar aka yi. A shekara ashirin da biyu, ban tuna ranar da na san dalilin faɗuwar makin ɗalibina kafin sakamako ya fito a allo ba. Ɗalibai ɗari uku a aji ɗaya, wa za ka tambaya?

An auna shirin, ba cika baki ba ne. Wata cibiyar bincike mai suna MDRC ta bi ɗalibai kusan 900 da aka raba gida biyu ta hanyar ƙuri'a, ta fitar da sakamako a 2015: cikin shekara uku, kashi 40 cikin ɗari na waɗanda ke cikin shirin sun kammala, waɗanda ba sa ciki kuwa kashi 22. Mutane kan tsaya kan arba'in ɗin. Ni ashirin da biyun ce ta tsaya mini a rai, domin ita ke nuna yadda abin yake in an bar ɗalibi shi kaɗai: karatun shekara biyu, amma bayan shekara uku kusan takwas cikin goma ba su karɓi takarda ba. Ƙofar shiga a buɗe take, wanda duk ya gama sakandare ko ya ci jarrabawar da ke daidai da ita zai samu wuri, babu wani abu mai kama da JAMB. Fitar ce aiki.

Da ƙarfe biyu muka shiga aji, don ta riga ta nemar mini izini wajen malamin ta imel. Mutum ashirin da huɗu na ƙirga. Akwai 'yan shekara sha takwas, akwai wata mai furfura sanye da kayan aikin asibiti, da alama daga aiki ta wuto, akwai wani da ya ce mini daga baya tsohon soja ne. Yawancinsu 'yan asalin Jamhuriyar Dominican ne da baƙaƙen fata, na nan da na Afirka. Malamin ya shigo da kofin shayi a hannu, ba wanda ya miƙe, wata ma ta kira shi ta ce ba ta gane abin da ya faɗa makon jiya ba, ya sake. Ya kuwa sake, bai ɓata rai ba. Jikina ya yi wani iri, ba zan ɓoye ba. Ina son ɗalibi ya yi tambaya, amma cin abinci a aji da taunar cingam a gaban malami har yau ban ga hikimarsu ba.

Uwata ta nuna mini takardar da aka raba musu ranar farko, shafi shida. Kowane mako da abin da za a karanta, ranar kowane gwaji, yadda za a raba maki, awoyin da malami zai zauna a ofis yana jiran mai tambaya. Ranar jarrabawar Disamba tun Agusta an san ta. Wanda ya ga yadda jami'o'in gwamnati a Najeriya suka yi wata takwas a rufe a 2022 ya san darajar wannan takarda. Bayan darasi na gaisa da malamin, na gaya masa sana'armu ɗaya. Ya ce ya so mu zauna amma yana da wani aji a wata kwaleji a Manhattan da ƙarfe biyar. Ba malamin dindindin ba ne, kwas-kwas ake biyansa, irinsu kuma suna da yawa ƙwarai a kwalejojin Amurka. Ya rataya jaka ya fita da sauri-sauri. Na bi shi da kallo, na ce ashe malami ko'ina malami ne.

Ranar Alhamis ban ɓata ba. Da tsakar rana aka sarara da darussa saboda harkokin ƙungiyoyi, harabar ta cika. Babu ɗakunan kwana a makarantar, kowa daga gida yake zuwa, saboda haka duk wata rayuwar ɗalibta a 'yan awoyin nan ake cusa ta. A gaban cibiyar ɗalibai an jera tebura. Cibiyar tana ɗauke da sunan Roscoe Brown, wanda ya shugabanci kwalejin daga 1977 zuwa 1993, ɗaya daga cikin baƙaƙen matuƙan jiragen yaƙin da aka horar a Tuskegee lokacin yaƙin duniya na biyu. A zamaninsa aka fara tseren gudun da kwalejin ke shiryawa duk shekara a titunan unguwar. Ranar dai ana cikin makonnin bikin al'adun masu jin Sifaniyanci, wanda ake yi daga 15 ga Satumba zuwa 15 ga Oktoba, kiɗa na tashi, ana raba soyayyar ayaba da shinkafa da wake. Teburin ɗaliban Afirka na gefe, wata 'yar Gini da wani ɗan Gana suna musu kan dafa-dukan wa ta fi daɗi. Da suka ji daga inda na fito suka ce in raba gardama. Na ce ni ɗan tuwo ne, ba ruwana.

Abin da ya fi jan hankalina wani zaure ne da wakilan manyan kwalejoji masu digiri suka kafa tebura suna zawarcin ɗalibai. Tsarin shi ne, in ka haɗa kiredit 60, wato ma'aunin nauyin darussan da ka ci, ka karɓi takardar shekara biyu, sai ka ɗauki kiredit ɗinka ka shiga aji uku a kwalejin shekara huɗu, ka ƙarasa digiri. Ya yi kama da yadda mai difloma ke shiga jami'a kai tsaye a wurinmu, sai dai namu aji biyu yake shiga, ya yi asarar shekara. Uwata ta tsaya a teburin kwalejin Lehman, wadda ita ma a Bronx take, a ƙarshen layin jirgin nan mai lamba 4 kusan. Ta fito da wata takarda da ta jera darussan da ta ci, tana tambaya ɗaya bayan ɗaya wanne za a karɓa, wanne ba za a karɓa ba. Yadda take titsiye mutumin ya tuna mini da mai sunanta a kasuwar Laraba, in tana cinikin daddawa.

Ta zaga da ni sauran wuraren da sauri. Garejin koyon gyaran mota, ɗakin da masu koyon jinya ke gwaji a kan mutum-mutumin da ke numfashi, wurin gyara rubutu inda ake zama da ɗalibi a bi maƙalarsa layi-layi ba tare da an rubuta masa ba. Wani ɗakin lacca na kankare zalla, zanen Marcel Breuer, yana tsaye kan ƙafafu kamar rumbun da aka ɗora a kan duwatsu. Akwai gidan renon yara a cikin harabar, uwa ta ajiye ɗanta ta shiga aji. Akwai kuma wani ɗaki da ake raba kayan abinci kyauta, taliya da gwangwanaye da madara. Na ce a Amurka? Ta ce, "Kawu, haya ce ke cinye mutane a garin nan. Akwai wanda muke aji ɗaya da shi da a gidan marasa galihu yake kwana."

La'asar ta same mu a can. Na yi alwala a banɗaki, ina ɗaga ƙafa zuwa kwamin wanke hannu wani yaro yana kallona kamar ya ga sabon wasa. Ina neman inda zan shimfiɗa rigata sai na ji an ce, "Malam, zo nan, akwai wuri." Da Hausa. Wani dattijo ne mai gemu fari-fari, ya kai shekara hamsin da biyar, ɗan zangon Kumasi. Muka yi jam'i a wani aji da ba kowa. Hausarsa irin ta Gana ce, mace ma "ya" yake ce mata, ya tambaye ni ko yarinyar nan ɗana ne. Shekararsa goma sha tara yana tuƙin tasi a birnin. Ya ce gwiwa ta fara ba shi matsala, idanu kuma ba sa son fitilun dare, shi ya sa ya dawo aji. Sai da ya fara da wani shirin koyon Turanci zalla na tsawon watanni, yanzu yana karanta lissafin kuɗi, darasi biyu kacal a zango, da yamma. Na ce yaushe zai gama? Ya ƙirga da yatsu ya ce in Allah ya yarda shekara huɗu nan gaba. Ya ce ɗansa na fari a nan ya fara, yanzu yana aikin ɗaukar hoton ƙashi a asibiti, shi ne ma ya cika masa fom. "Ranar farko na zauna a baya, na ce yaran nan za su yi mini dariya. Ba wanda ya ko kalle ni. Kowa da abin da ya dame shi." Na ce gemu dai ba ya hana ilimi. Ya kama gemun ya ce, "Bai hana ba, amma ya sa abin yana shiga a hankali."

Shi ne ya yi mini lissafin kuɗin dalla-dalla, kuma zan maimaita shi saboda tun da na sa hotunan ƙubbar nan a WhatsApp ake ta turo mini saƙo ana tambayar hanya. Mazaunin birnin New York yana biyan dala 2,400 a zango, wato 4,800 a shekara. Mai ƙaramin ƙarfi da ke da takardar zama yana iya samun tallafin gwamnatin tarayya da ake kira Pell da kuma na jiha, sau da yawa su rufe kuɗin duka. Haka Uwata take karatu ba a ciro ko sisi daga albashin uwarta ba, ba kuma bashi a wuyanta. Wanda ya zo daga waje da bizar ɗalibi kuwa dala 320 zai biya kan kowane kiredit, ka ninka sau 60 ka gani, babu Pell, ga haya, ga abinci, ga dokar da ta taƙaita masa aiki. Makarantar an yi ta ne don mutanen da ke zaune a unguwar, sunanta ma abin da yake faɗa ke nan. Tsarin ya daɗe: ta farko irinta ta gwamnati an buɗe ta a Joliet ta jihar Illinois a 1901, wani kwamiti da Shugaba Truman ya naɗa ya yayata sunan kwalejin al'umma a 1947, yau kuma akwai kusan dubu a faɗin ƙasar. A nan New York ma har zuwa 1976 kyauta ake karatu a jami'ar birnin, sai da birnin ya kusa tsiyacewa aka sa kuɗi.

Ajin Uwata na ƙarshe ya tashi ƙarfe tara saura. Na jira ta a laburare, ina kallon 'yan ajin dare suna shigowa da kayan aiki a jikinsu, wani da rigar masu gadi, wata da hular kicin a aljihu. Da muka fito an kunna wa ƙubbar fitila, sanyi ya ƙaru, muka gangara tudun hannuwa a aljihu. A tasha ta ce, "To Kawu, kwana biyu sun cika. Faɗi." Na ce ai sai mun je gida, magana irin wannan ba a yin ta a tsaye. Ta ce ta san za a rina.

A cikin jirgi ta ciro wani ƙunshin katuna da aka ɗaure da roba ta danƙa mini. Gwaji gare ta ranar Litinin, ƙasusuwa 206 na jikin mutum. Kowane kati da zanen ƙashi a gaba, sunan a baya. Ni in ɗaga, ita ta faɗa. Na ɗaga na farko na ce muƙamuƙi, ta faɗi nasu sunan. Na ɗaga na biyu na ce sangali, ta ce wanne, ai biyu ne a ƙwauri. Na juya katin na yi ƙoƙarin karanta Latin ɗin, harshena ya sarƙe, wani matashi da ke tsaye a kanmu ya gyara mini ba tare da ya cire abin jin kiɗa daga kunnensa ba. Muka wuce 176, muka wuce Mount Eden. A ƙananan ƙasusuwan wuyan hannu guda takwas ta kawo shida ta tsaya, ta rufe ido tana motsa baki. Na jira. Da na leƙa fuskarta ashe barci ya ɗauke ta, kanta a jingine da gilashi. Na mayar da robar kan katunan, na sa ido a kan allon tasha, don wannan karon ni ne mai ƙirga, kuma saura ɗaya mu sauka.